Littafin aikin sito: kare hatsi da gari daga ƙwari da ɓeraye, kakar 2024 zuwa daminar 2025

9 ga Satumba, 2024

Wurin da ake wannan aiki sito ne na bulo mai rufin kwano a bayan garin Kano, tsawonsa mita 30, faɗinsa mita 15, da ɗakin inji manne da shi ta gabas. Ana ajiye masara, dawa, wake da 'yar gyaɗa kaɗan, yawanci daga kasuwar Dawanau ake saro su. A ɗakin inji akwai injin surfe, injin niƙa, rariya mai jijjiga, da na'ura mai guga-guga da ke ɗaga hatsi sama. Abin da ke fita daga nan garin masara ne da garin wake, sai dusa.

Dokar da aka kafa tun yau ita ce ba a fesa komai, ba a zuba komai, sai an san wane ƙwaro ne, ina yake, kuma yawansa nawa. Kafin a kai ga magani akwai shanya, akwai shara, akwai toshe kafa, akwai ƙidaya.

An zagaya da tocila, da rariya mai ido milimita 2, da farin faranti. A ragowar masarar bara an sami ƙwaron nan mai dogon baki, Sitophilus zeamais. Macensa takan huda ƙwaya, ta sa ƙwai, ta liƙe ramin, tsutsar ta girma a ciki ba mai ganinta, sai bayan kamar sati biyar babban ƙwaro ya fito. Shi ya sa buhu kan yi kyau a ido alhali cikinsa ya gama lalacewa. A dawa an sami Rhyzopertha dominica, ɗan siriri mai kai a duƙe, wanda zafi da bushewa ba sa damunsa. A ɗakin inji kuwa jan ƙwaron gari ne ya yi sarauta, Tribolium castaneum. Ba ya iya huda lafiyayyar ƙwaya, tsaki da gari da dusa yake bi, kuma idan ya yi yawa yakan bar wani wari mai hawa kai da ke ɓata tuwo.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne wanda aka tono a tsagar bangon arewa: fatun tsutsa masu gashi, ruwan ƙasa, irin na Trogoderma granarium. Tsohon abokin gaba ne a Kano, don yana cikin ƙwarin da suka addabi dalar gyaɗa a zamaninta. Tsutsarsa tana iya lafewa cikin tsaga shekaru ba ci, ta jira sabon kaya. Ƙasashe da yawa ba sa barin kayan da aka gan shi a ciki su shigo musu.

21 ga Satumba

An kwashe sito tas. Ragowar masarar bara an niƙe ta abincin kaji an fitar a rana ɗaya, ba a bari ta haɗu da sabon kaya ba.

Shara daga sama aka fara: ƙarafan rufi, saman bango, bakin tagogi, sannan ƙasa. Idan aka fara daga ƙasa, ƙurar sama ta dawo ta rufe aikin. An bi kowace tsaga da buroshin waya da injin zuƙar ƙura. Abin da aka tara an ƙone shi nesa da gini a ranar, domin sharar sito da aka jibge bayan katanga ƙwari ne aka sauya wa ɗaki, kwana biyu za su dawo.

Birkila ya cike tsagogin bango da na daɓe da siminti, ya kuma zagaye kusurwar da bango ya haɗu da ƙasa don tsintsiya ta riƙa kamawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a sito tsagar da ba ta wuce kaurin farce ba ta ishi tsutsa. Bangon arewa an kankare shi har bulo aka sake shafe. An sa raga mai ido milimita 6 a duk tagogin iska da tsakanin bango da kwano. Ƙaramin ɓera yana ratsa kafar da biro zai shiga, babba kuma milimita 12 ta ishe shi, don haka mai walda ya liƙa farantin ƙarfe mai tsayin santimita 30 a ƙasan ƙofofi, aka rage ratar da ke tsakaninsu da daɓe. A waje an nome ciyawa, an kwashe tsofaffin tayoyi da katakai, an zuba tsakuwa faɗin mita ɗaya kewaye da gini.

Bayan an gama ne aka fesa wa bango da daɓe maganin pirimifos-metil bisa ma'aunin da ke jikin kwalba, sito babu ko ƙwayar hatsi. Wannan feshi dalilinsa fatun da aka gani a bangon arewa.

Tsofaffin buhuna an hana su shiga. Ɗinkin gindin buhu da kusurwoyinsa nan ne ƙwai da tsutsa ke maƙalewa.

30 ga Satumba

An zana taswirar sito da ɗakin inji, an ba kowane tarko lamba. Iri uku ne. Na rataye mai danƙo da sinadarin feromon, wato ƙamshin da macen ƙwaro ke saki don jawo namiji, don ƙananan malam-buɗe-littafin sito irin su Ephestia cautella da Plodia interpunctella. An rataye su kamar mita 2 daga ƙasa, tazarar mita 10 zuwa 15, nesa da ƙofa don kada su kira na waje. Na ƙasa mai ɗan mai a ciki don jan ƙwaron gari. Sai na gida: guntun kwali mai ramuka, an barbaɗa masa ɗan gari, an ajiye a gindin bango. Tsutsar Trogoderma na son irin wannan maɓoya, kuma kwalin ba ya cin kuɗi.

Tarkon feromon maza kawai yake kamawa. Ba ya rage ƙwari, labari yake bayarwa. Amfaninsa yana ga wanda ke ƙirgawa rana ɗaya a kowane mako, ya rubuta lamba da adadi, ya share. Tarkon da ba a rubuta abin da ya kama ba kayan ado ne. Sinadarin kuma ana sauya shi duk bayan sati shida.

21 ga Oktoba

Sabuwar masara ta fara shigowa. Kowace mota a waje take tsayawa sai an ɗebi samfur. Buhu goma ko ƙasa da haka, a soki kowanne. Daga 11 zuwa 100, a soki goma. Sama da 100, a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da adadin buhunan: motar buhu 300 ke nan a soki 17 ko 18, daga gaba, tsakiya, baya da ƙasa, ba waɗanda direba ya nuna ba.

Iyakar danshi: masara, dawa da wake kada su wuce kashi 13 cikin 100, ɓararriyar gyaɗa kashi 7 zuwa 8. Da na'urar awo ake dubawa. Cizo da haƙori yana raba ɗanye da busasshe, amma ba ya raba 13 da 15, kuma a tsakanin nan ne hunhuna ke samun shiga. Inda babu na'ura, a zuba busasshen gishiri da hatsin cikin busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bar ta ta ɗan jima; in gishirin ya manne a jikin kwalba, danshin ya kai wajen kashi 15 ko fiye.

Mota biyu sun zo da masara mai kashi 17. An baza ta a kan tamfol, kaurin bai wuce santimita 5 ba, ana juyawa da manjagara duk awa, ana tattarawa a rufe kafin raɓar dare. Akwai lissafin da ya kamata mai saye ya riƙe: kilo 100 mai danshi 17 idan ya sauko 13 zai koma kilo 95 da ɗigo 4. Wanda ya biya kuɗin busasshiya a kan ɗanya ya sayi ruwa kusan kilo biyar a kowane buhu.

Ba nauyi ne kaɗai abin tsoro ba. Hunhunar Aspergillus flavus tana haifar da gubar aflatoksin, wadda dafuwa ba ta kashe ta, tana kuma lalata hanta. A Kenya a 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125. Ƙwayar da ƙwaro ya huda ita hunhuna ke fara kamawa, numfashin ƙwarin kuma yana ƙara zafi da laima cikin buhu, don haka matsalolin biyu tare suke tafiya. An fara magana da manoman da ake saye a hannunsu kai tsaye kan Aflasafe, maganin da ake watsawa a gona don rage aflatoksin, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar: kilo 10 a hekta, sati biyu zuwa uku kafin masara ta yi fure.

Jeri: a kan dandamalin katako mai tsayin santimita 15, mita ɗaya tsakanin jeri da bango, mita ɗaya tsakanin jeri da jeri, sarari mai kyau tsakaninsa da rufi. An shata layin da farin fenti a ƙasa don 'yan dako su daina matsawa jikin bango. Kowane jeri da katinsa: ranar shigowa, inda aka saro, danshi. Wanda ya riga shiga shi ke riga fita.

11 ga Nuwamba

Wake. Nan ne aka fi yin ɓarna da sunan kariya.

Ƙwaron wake, Callosobruchus maculatus, tun daga gona yake biyo kaya. Macen takan manna ƙwai a bayan ƙwaya, farare ƙanana da ake gani da ido in an duba da kyau. Tsutsa ta huda ta shiga, bayan sati uku zuwa huɗu a lokacin zafi ta fito babba ta wani zagayayyen rami. Babban ba ya cin komai, kwanakinsa kaɗan ne, aikinsa ƙwai kawai. Buhun da ya shigo da 'yan ƙwari kaɗan, in an bar shi a buhun saƙa, kafin wata shida da wuya a sami ƙwayar da ba ta huje ba.

Wani dillali ya kawo buhu arba'in yana rantsuwa: "Alhaji, duba da kanka, ko ƙwaro ɗaya ba za ka gani yana motsi ba." Gaskiya ya faɗa. A gindin rariya matattun ƙwari ne zube, waken na ɗan sheƙi, da aka cusa hannu tsakiyar buhu aka shinshina sai warin fiya-fiya. An mayar da kayan. Sinadarin daiklobos da ke cikin fiya-fiya ba a yi shi don a kwarara wa abinci ba. Saboda shi Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, bayan an sami ragowarsa ya ninka iyakar da suka yarda da ita, miligiram 0.01 a kilo, sau da yawa. Waken da Turai ta ƙi bai ɓace ba, a tukunyar gida yake ƙarewa, cikin ƙosai da alalen yara. Daga yau shinshinawa ta shiga ƙa'idar karɓar kaya, kuma wake mai matattun ƙwari da yawa ba rayayye ko ɗaya abin tuhuma ne.

Waken da aka karɓa duk ya shiga buhun PICS, wato buhun da iska ba ta shiga cikinsa. Fasahar ta samo asali ne daga aikin da masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka yi da takwarorinsu a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980, aka yaɗa ta sosai daga 2007, kuma masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maraɗi sun gwada ta sosai. Leda biyu ne masu kaurin maikiron 80 cikin buhun saƙa. Ƙwarin da ke ciki su ke shanye iskar da ta rage da numfashinsu, su daina ci, su bushe su mutu. Ba magani ko kaɗan.

Yadda ake cikawa: a hura kowace leda, a riƙe bakinta, a danna a ji ko tana sacewa. A sa ɗaya cikin ɗaya, sannan cikin buhu. A fara zuba kwano biyu don gindin ya zauna ba lanƙwasa, sannan a cika ana girgizawa. A bar kamar santimita 20 a sama. A matse iska, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa shi, a ɗaure. Sannan ta biyu, ita kaɗai. Sannan buhu. Wanda ya haɗa ukun ya ɗaure da igiya ɗaya ya ɓata kuɗinsa. Kafin zubawa a sheƙe waken, don guntun kara da tsakuwa su ke huda leda daga ciki. Ɗanyen wake kuma ba ya shiga, rufaffiyar leda ruɓar da shi za ta yi.

Waken da za a niƙa cikin wata guda ba a ɓata masa PICS ba, rana aka sa ta yi aiki. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa, baƙar leda mita 3 da 3 a kai, a baza wake kilo 50, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefuna a danne da duwatsu. Awa biyu tsakar rana. Abin nema shi ne ma'aunin zafi da aka cusa cikin waken ya kai digiri 57 ya zauna awa guda. A nan ƙwai da tsutsa da babba duk sun mutu. Ciyawar ita ke hana ƙasa shanye zafin.

9 ga Disamba

Hunturu ya kankama, tarkuna kusan fayau. Sanyi ne ya rage musu gudu, ba ƙarewa suka yi ba. An sauya sinadarin feromon. An barbaɗa garin dayatomait, wata farar ƙasa mai laushi, ƙarƙashin dandamali da gindin bango. Yana tsotse maiƙon da ke jikin ƙwaro ya bushe, kuma a busasshen yanayi irin wannan ya fi ci. Akwai irinsa a Bularafa ta jihar Yobe, wanda cibiyar binciken ajiyar amfanin gona ta NSPRI mai hedikwata a Ilori ta yi bincike a kai. Mai barbaɗawa ya rufe hanci.

13 ga Janairu, 2025

Gonaki sun bushe, ɓeraye sun juyo gari. An ga kashi a saman jerin dawa da baƙin maiƙo a jikin ƙarfen rufi, alamar ɓeran da ke hawa, Rattus rattus. Don gano hanya an barbaɗa gari siriri a gindin bango da yamma, da safe aka bi sawu. Ya kai ga bututun wayar lantarki da ya ratsa bango tsakanin sito da ɗakin inji. An cusa ragar waya an shafe da siminti. An kuma sare reshen darbejiyar da ke taɓa kwano.

Cikin gini tarko kawai ake sawa, ba guba. Ɓeran da ya ci guba yakan mutu cikin jeri, kuma yakan ja ƙwayar gubar ya kai ta cikin hatsi. Tarkon a kafa shi jikin bango, bakinsa na fuskantar bangon. Babban ɓera yana tsoron sabon abu, don haka a bar tarkon kwana uku da gyaɗa a kai ba a ɗana ba, sai ya saba. A waje an ajiye akwatuna masu makulli, tazarar kamar mita 15, da guba mai hana jini daskarewa a soke a sandar ƙarfe don kada a ja ta. Takan ɗauki kwanaki kafin ta kashe, shi ya sa ɓera ba ya gane ta. Maganinta in yaro ko dabba ta ci shi ne bitamin K1 a asibiti, an rubuta haka a jikin kowane akwati.

Kashin ɓera ba a share shi a bushe. A jiƙa da ruwan bilic, a sa safar hannu da takunkumi, sannan a kwashe. Ɓeran Mastomys natalensis shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashi, kuma a watannin rani cutar ta fi tashi a Najeriya. Buhun da aka ga fitsari a kansa ba ya zuwa inji.

17 ga Fabrairu

Azumi ya matso, neman garin wake ya tashi. An buɗe buhunan PICS na Nuwamba: wake fari sumul, 'yan matattun ƙwari a gindi. Uku ne suka lalace. Biyu wani mai saye ya soka da ƙarfen ɗibar samfur kamar yadda ya saba a kasuwa, ɗaya ɓera ya ɓula ta ƙasa. Rami ɗaya ya isa iska ta koma, aikin ya rushe. An rataye kwali a jerin: ba a soka wannan buhu. An ajiye kwanon samfur a gefe don mai son gani.

7 ga Afrilu

Zafi ya haura digiri 40. Tun tsakiyar Maris tarkon ƙasa mai lamba 9, wanda ke kusurwar kudu ta ɗakin inji, yake kama jan ƙwaron gari fiye da sauran duka a haɗe, kowane mako yana ninkawa. Sauran ɗakin shiru. Da feshin wata-wata ake yi da ba a lura ba, da an kashe na yawo an bar uwar garke.

An bi kusurwar mita-mita. Dusar da ke ajiye ba ta wuce kwana biyar ba. Ƙarƙashin rariya tsaf. Sai bakanike ya kwance notuna huɗu na murfin gindin na'urar ɗaga hatsi. Gugan ba sa kaiwa har ƙasan akwatin, akwai tazarar kamar tafin hannu, kuma abin da ya zauna a nan ba ya fita. Tsaki da gari sun dunƙule, sun yi ruwan toka, da ɗumi in an sa hannu. Da aka fasa dunƙulen a farin faranti sai ya hau motsi: jajayen ƙwari, fararen tsutsotsi, fatu, ga warin nan. An cika bokiti biyu.

Wannan ne ya sauya jadawalin shara. A irin wannan zafi ƙwaron gari yana tashi daga ƙwai zuwa babba cikin kamar sati uku. Sharar ciki da ake yi duk wata tana ba shi damar kammala zuriya guda kafin a taɓa shi. An mayar da ita duk sati biyu daga yanzu har ƙarshen damina. An sauya murfin da mai zamewa wanda ake ja da hannu, don wurin da sai an nemo sifana kafin a buɗe, ba za a riƙa buɗe shi ba. An jera sauran maɓoya irinsa: cikin mazurarin gari, bayan rariyar injin niƙa, jakar tace ƙura, ƙarshen bututun da ba a amfani da shi (an yanke shi gaba ɗaya), cikin akwatin makunnin wuta, da ƙarƙashin sikeli.

Firam ɗin rariya, jakunkunan ƙura da dandamalin katako an fitar da su an rufe da leda a rana irin yadda aka yi wa wake. An nemi digiri 60 wannan karon, don Trogoderma ya fi sauran jure zafi. Iska mai ƙarfi ta kwamfaresa an hana amfani da ita wajen shara. Watsa ƙwai take yi zuwa saman ƙarafa.

28 ga Afrilu

Tarko na 9 ya sauka ƙasa sosai. Amma jerin masara na uku, buhu 700 a buhun saƙa, samfurinsa ya nuna rayayyun ƙwari masu dogon baki fiye da biyu a kilo, ma'aunin zafin da aka cusa tsakiya kuma ya fi na gefe. Ƙa'idar gidan ta ce in an kai nan a yi turare da fosfin, wata iska mai guba. Kayan zai kai Agusta, kuma feshi a bayan buhu ba ya isa ga tsutsar da ke cikin ƙwaya.

An kira mai lasisin aikin. Jerin mita 8 ne da 5 da 3, wato kubik mita 120. Ƙwayar aluminiyam fosfaid mai giram 3 tana sakin giram 1 na iskar fosfin. A ma'aunin giram 2 ga kowane kubik mita, ƙwaya 240 ke nan. Da girman wurin da aka rufe ake lissafi, ba da yawan buhu ba.

An duba tamfol ɗin turare a rana, mutum na ƙarƙashi yana neman inda haske ke ratsowa, aka liƙe ramukan. Tamfol ɗin mota ba ya wannan aiki, iska na fita ta jikinsa. An rufe jerin da rarar mita ɗaya a ƙasa kowane gefe, aka danne da dogayen jakunkunan yashi layi biyu, na biyu yana rufe mahaɗar na farko. Ƙwayoyin an baza su a faranti, ba ɗaya kan ɗaya, aka tura ƙarƙashin dandamali kewaye da jerin. Tara su wuri ɗaya ko barin ruwa ya taɓa su yana iya tayar da wuta. An liƙe ƙofar da ke shiga ɗakin inji, don fosfin yana cin jan ƙarfen da ke cikin injinan lantarki da waya. An dakatar da niƙa. Mai gadi an sauya masa wurin kwana zuwa bakin get. An kulle, an manna gargaɗi da Hausa da ajami da hoton ƙoƙon kai.

Kwana bakwai cur. Abin nema iskar ta tsaya a kashi 300 cikin miliyan ko sama har ƙarshe. Babban ƙwaro yana mutuwa da wuri, amma ƙwai da tsutsar da ta kwanta rikiɗa numfashinsu kaɗan ne, sai an jira su. Ƙara ƙwaya ba ya maye gurbin kwanaki. A kwana na biyu awo ya nuna iskar na sauka da sauri. An sami lanƙwasa a kusurwa inda tamfol bai kwanta ba, aka gyara da abin rufe fuska na musamman, aka ƙara ƙwaya, aka soma ƙirga kwanakin daga farko.

Abin da aka saba gani, a jefa ƙwaya cikin buhun saƙa a ɗinke a jingine a ɗaki, illa biyu gare shi. Iskar na fita cikin awanni ta shiga inda mutane ke kwana, kuma tana kashe mutum. Warin tafarnuwar da take yi ba abin dogaro ba ne. Sannan ƙwarin da suka sha kaɗan suka tsira su ke haifar masu taurin kai. An riga an tabbatar da wannan juriya a Rhyzopertha da Tribolium a ƙasashe da dama, kuma tun da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Montreal ta kawar da iskar metil buromaid daga turaren sito a ƙasashe masu tasowa a 2015, babu wani turare mai araha da zai gaji fosfin in ya daina ci.

9 ga Mayu

An buɗe ƙofofi, an ɗaga gefen tamfol, an bar iska ta ratsa. Ba wanda ya shiga ba abin rufe fuska sai da na'ura ta nuna ƙasa da kashi 0.3 cikin miliyan. Farin garin da ya rage a faranti mai aikin ya jiƙa shi a fili cikin ruwan sabulu, ba a rufaffen mazubi ba, sannan aka binne nesa da rijiya. An ƙara kwana biyu kafin masarar ta je inji.

Fosfin ba ya barin kariya a bayansa. An ajiye kilo ɗaya na samfur a kwalba mai murfin yadi don a ga ko wani abu zai ƙyanƙyashe cikin sati shida.

16 ga Yuni

Ruwa ya sauka. Tarkunan rataye sun fara kama malam-buɗe-littafi, mafi yawa kusa da gyaɗa. A saman buhunan akwai yana siririya da tsutsa mai yawo. An share, an tankaɗe gyaɗar, an rufe ta a PICS bayan awo ya nuna kashi 7. Fitilar da ke saman ƙofa an mayar da ita kan sanda nesa, tana haska ƙofar daga can.

Ƙusoshi biyar na kwano suna ɗiga kan jerin dawa. An toshe, an ware buhu shida na sama an shanya. Tagogin iska yanzu a rufe suke da dare da lokacin hadari, ana buɗewa da rana in gari ya bushe, domin busasshen hatsi yana shan laimar iska ya koma sama da 13.

21 ga Yuli

Kwalbar samfurin masara ta wuce sati shida ba abin da ya fito. Tarko na 9 daidai yake da sauran. Kwalin bangon arewa ya kama tsutsa mai gashi guda biyu. An kai su ofishin NSPRI na Kano a tantance, kuma kafin amsa ta zo ba a jera komai a wannan gefen.

Garin da aka ƙulla ba ya wuce sati uku a ɗakin ajiya. Dusa kullum take fita. Ana neman farashin injin da ke bugun gari da ƙarfi ya fasa ƙwai kafin ƙullawa, don rariya ba ta tare ƙwan ƙwaron gari duka. Kwashe sito da babbar shara an sa su makon farko na Satumba, tare da sake shafe daɓen kusurwar yamma da ya fara tsagewa.